Iyakar Da Aka Yi Mini A Jikin Sirinji

Ɗiyata ta fari tana da shekara takwas ciwon suga ya bayyana gare ta. Ni ba suga na gani ba, kiyashi na gani. Duk inda ta tsuguna a bayan ɗaki, kafin ƙasa ta bushe sun yi baƙi a wurin, na ƙannenta kuwa ko kusa ba su zuwa. Ga shan ruwa kamar ana zuba wa rairayi. Muna zaune a bakin ruwa ta wajen Ngaski, cikin gidajen da aka gina wa iyayenmu bayan dam ya cinye tsohon gari. Maigidana kamun kifi yake yi, ni kuma ina bandar kifi. Lokacin duk ƙasar nan Jihar Sakkwato ce, asibitin da ake duba irin wannan ciwo kuwa sai ka shiga jirgin ruwa, ka sauka ka hau mota, rabin yini ya tafi.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a can. Ranar da za a sallame mu wata nas doguwa ta zaunar da ni a bakin gado, ta ɗauko sirinji na gilashi da 'yar kwalbar magani mai ruwa fari-fari kamar na wankin shinkafa. Ta ce sunansa insulin, kuma shi ne ran yarinyar nan daga yau.

"Kin iya lamba?"

Na ce ban iya ba. Allo na yi, shi ma ban yi nisa ba.

Ta buɗe jakarta ta fiddo jan farce, ta ja ɗan layi a jikin sirinjin.

"Kin ga nan? Kullum da safe kafin ta karya, ki ja maganin ya zo daidai nan. Kada ki rage. Kada kuma ki wuce. In kika wuce, sai dai ki ga ta faɗi."

"Ta faɗi ta tashi, ko ta faɗi shi ke nan?"

"Ke dai kada ki wuce."

Ta yi wasu maganganun bayan wannan, ban ce ba ta yi ba. Amma ɗan da ke bayana yana tsala kuka, maigida yana leƙowa ta taga yana cewa mota za ta tashi, ni kuma ban taɓa soka wa ko kaza allura ba. Abin da ya zauna mini a kai ke nan: kada ki wuce. Ta ba ni kati mai rubutun likita ta ce in adana. Na adana shi kuwa. Na naɗe shi a leda, na sa a ƙasan akwatin aurena, na kulle.

Ta kuma ba ni wani ruwa shuɗi da siririyar kwalba. A ɗiga fitsarin yarinyar a ciki, a tsoma kwalbar a tafasasshen ruwa, a duba launi. In ya tsaya shuɗi, lafiya. Kore da sauƙi. Ruwan ɗorawa a kula. In ya koma kamar jar ƙasa, suga ya yi yawa.

Jan farce ba ya jure tafasa, kuma kullum sai na dafa sirinji a gwangwani kafin in yi allura. Kwana uku layin ya fara ɓarewa. Na ruɗe. Maigida ya ɗauko magagarin da yake wasa ƙugiya da shi, ya zauna a rana, ya karce gilashin a hankali daidai inda jan yake. Ni kuma na yanki tsinken tsintsiya daidai tsawon wurin, na jefa a gwangwanin. Sirinji huɗu suka fashe mana cikin shekara biyar. Duk wanda aka sawo sabo, sai mu ɗora tsinken a jikinsa, maigida ya karce. Maganin kuwa a cikin jiƙaƙƙen rairayi nake binne shi, ƙarƙashin randa, don zafi yana kashe shi.

Sau ɗaya na ga faɗuwar da nas ta ce. Na yi mata allura, ta sulale ta bi ƙawayenta wanki ba ta sha kunu ba. A bakin ruwa na same ta zaune, zufa na zuba, idanu sun juye, tana kallona ba ta san ni ba. Na tura mata ƙwayar suga a kumatu, na riƙe ta har ta dawo. Tun daga ranar in zan ja magani sai na ɗaga sirinjin sama wajen haske na duba sau uku. Ko da faɗin gashi ba na yarda ya haye karcen nan.

Ɗiyar fari ce, ba na kama sunanta. Ba na yaba ta gaban mutane, ba na zama hira da ita, in za ta wuce ba na bin ta da kallo. Haka aka yi mini, haka na tarar. Amma kullum da safe sai ta zo ta zauna a kan turmi ta yaye zane daga cinya, ni kuma in durƙusa. Ba mu cewa komai. Wani lokaci in allurar ta dakushe ta yi mata zafi, sai ta dafa kafaɗata. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, kuma ya ishe ni. Na cire ta daga makarantar boko tana aji uku, don yara suna ba ta alawa. Mata suna cewa ba su taɓa ganin mai kula irina ba. Ni ma, gaskiya, na yarda da su.

Asibiti ba mu koma ba. Mi za mu je yi? Yarinya tana cin abinci, tana wasa, kwalba tana shuɗi ko kore. In magani ya kusa ƙarewa, maigida ya tafi da tsohuwar kwalbar ranar da zai kai kifi kasuwar Yelwa, ya nuna a kantin magani, a ba shi irinta. Mai kantin bai taɓa ganin yarinyar ba. Kwalba ya sani.

Shekarar da ta cika sha uku, bayan damina, sai na ga zanenta ya daina kai mata idon sawu. Ta fara ƙirgar dangi, ta fara saka mayafi ko za ta ɗebo ruwa. A watannin nan ne kwalbar ta canza. Kore ya koma ruwan ɗorawa. Na safe ya fi muni, alhali ta kwana ba ta ci komai ba. Na zauna na yi ta tunani. Magani dai shi ne, ban canza ba. Karce yana nan, na ɗora tsinke na gwada, daidai. To suga ta ina yake shiga jikin mutum in ba ta baki ba?

Na rage mata tuwo. Malmala biyu ƙanana take ci, na mayar ɗaya da rabi, na ƙara mata ganye da kifi. Launi bai sauka ba. Na mayar ɗaya. Na hana kunun safe ya yi kauri. Tana gama nata sai ta zauna tana kallon kwanon ƙannenta, ta kai yatsa ta sharce gefen akushi in ta ga na juya. Tsawo tana yi, amma naman jikinta yana zubewa. Sa'o'inta suna cika, kumatu na sheƙi, ita kuwa wuyanta ya zama kamar na tulu.

Uwar maigidana, wadda yara ke kira Kaka, a gidan take, kuma su biyun ba su rabuwa da tsiya.

"Kai, gorar tuƙin wa aka jingine mini a ƙofar ɗaki?"

"Taki ce, tsohuwa. Sai ki tashi mu haye ruwa, in ƙafar za ta kai ki."

"Ni da ke wa iska zai fara ɗauka? Zo nan in ɗaura miki dutse a zane."

Suna dariya, ni ba na yi. Na riga na sa a raina sata take yi. Ba ta kuɗi ba, ta zaƙi. Garinmu kuwa zaƙi ko'ina: ga rake a bakin ruwa, ga mazarƙwaila a faifan tallar kowace yarinya, in lokacin mangwaro ya zo har awaki sai sun ƙi. Na shiga bin ta. In ta tafi ɗiban ruwa in bar kifi a wuta in laɓe bayan danga. In ta dawo in ce ta miƙo hannu in sansana. Na zazzage tabarmarta, na kwance bakin zanenta. Ban taɓa samun ko ɓawon rake ba. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce wayonta ne ya yi yawa.

Wata rana ina jan itace daga tarin da nake banda da shi, sai ga ɗan ƙulli an tura can ciki. Na ce yau na kama. Na kwance. Tsummoki ne, an yanka daga wani tsohon zanena, an wanke an ninke. Na daɗe tsaye da su a hannu. Ashe yarinyar nan ta fara fashin salla, ban sani ba. Kaka ta gaya wa, Kaka ta nuna mata yadda ake yi. Haka ya kamata, ba uwa ake gaya wa ba, balle ɗiyar fari. Na ninke su yadda na same su, na mayar, na jera itacen.

Daga nan na fara lura da wani abu. Kwana uku ko huɗu kafin ta daina salla, kwalbar takan yi jan da ya fi na kullum. Wata biyu, wata uku, haka. Ido na da shi, wannan ba wanda zai ƙwace mini. Sai dai abin da na yi da ganin. Na ce ai mu mata a irin kwanakin nan kwaɗayi ke taso mana, ni kaina nakan nemi ɗan zaƙi. Ke nan a kwanakin ne take ƙara sata.

Na gaya wa maigida. Yana gyaran komar kamun kifi, bai ɗago ba.

"Kin gan ta da idonki?"

"Malam, kwalba ba ta ƙarya."

"To ki bi ta a hankali. Yarinya ce."

"In ta mutu fa? A hankali za a binne ta?"

Ya ci gaba da gyaran komarsa. Shi mutum ne da ba ya son magana ta yi tsawo.

Aka yi suna a maƙwabta. Na so in hana ta zuwa, Kaka ta ce in bar yarinya ta shiga mutane, ba akuya ba ce da za a ɗaure. Ta je ta taya aiki, ta dawo kafin magariba. Da safe na gwada. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba, har wani gari-gari ya kwanta a ƙasan kwalbar. Na yi mata allurarta daidai karce, ta fita. Na zauna kwalbar na hannuna, raina yana tafasa. Shekara biyar ina tashi kafin kowa, ina dafa allura, ina auna tuwo, ina jiƙa rairayi, ita kuma ta je gidan suna ta rushe.

A wurin banda na same ta, tana juya kifi, mata biyar ko shida suna nasu aikin a gefe.

"Ke. Mi kika ci jiya?"

"Abin da kika ba ni, Inna."

"Bayan shi."

"Ruwa."

"Ruwa ne ya yi wannan?" Na ɗaga kwalbar kowa ya gani.

Wata maƙwabciya, ba da mugunta ba, bakinta ne ba ya tsayawa, ta ce, "Ai kuwa na gan ta da faifan nakiya."

"Ɗauka aka ce in yi, Gwaggo. Na ɗauka na kai ɗakin mai jego. Ko yatsa ban lasa ba."

Na mare ta. Ban taɓa dukanta ba sai ranar. Na ce mata ɓarauniya. Na ce mai satar abin da zai kashe ta, wadda ba ta tausayin uwarta. Ta dafe kunci tana cewa wallahi, wallahi Inna. Na ce ta ajiye wallahin baki. Na shiga ɗaki na ɗauko Alƙur'anin babanta cikin gafakarsa, na fito na miƙa mata.

"Dafa. Dafa ki ce ba ki ci ba."

Ta kalli gafakar, ta kalli matan nan. Ta mayar da hannuwanta baya.

"Dafa mana!"

Ta ja da baya har ta kusa taka wuta. Hawaye na zuba, baki a rufe. Matan suka kalli juna. Ɗaya ta ce, "Ayya," a irin muryar da ake cewa an gama shari'a. Ni ma na ce shi ke nan, ta tona kanta.

Kaka tana gona lokacin. Da ta dawo ta ji, ɗakina ta shigo ko sallama babu, ta sakaya labule.

"Ke wace irin wawuya ce? Ɗiyar ba ta salla. Kwana biyu ke nan. Da wane hannu za ta dafa? Ko so kike ta tsaya gaban matan gari ta faɗa miki da bakinta?"

Na san da tsummokin. Ni na ninke su da hannuna. Na san ma kwanakin sun yi, ai ni ke ƙirga su. Amma a wurin bandar nan ko kaɗan bai zo mini ba. Kuma ko da Kaka ta faɗa, ban sauko ba. Na ce rashin dafawa daban, rashin ci daban. Na ce zan gane gaskiya da kaina.

Na sa ta a ɗakina, na ce ba fita sai bayan gida, shi ma ina tsaye. Duk abin da zai shiga bakinta ni na dafa, ni na auna, ni na miƙa. Na bar kifi a hannun mata. Rana ta farko ja. Na ce na gidan suna ne bai gama fita ba. Rana ta biyu ja. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ba ta yi mini magana, sai ta miƙo kofi in cika mata, ta shanye ta sake miƙowa. Rana ta uku, ja kamar jiya. Na ce ko ruwan shuɗin ne ya lalace. Na zaga na gwada da nawa fitsarin. Shuɗi tas, kamar yadda aka zuba shi.

A tsugune nake a bakin murhu da kwalba biyu, tawa da tata. Nan na san yarinyar nan ba ta ci komai ba. Ba jiya ba, ba ranar suna ba, wataƙila ba ta taɓa ci ba. Ya kamata in tashi in shiga in gaya mata. Sai na tashi na wanke kwalaben, na kife su, na ɗora ruwan kunu.

Da hantsi ta fara amai. Ta ce cikinta kamar ana murɗa shi. Kafin azahar numfashinta ya canza, tana jan shi daga can ƙasa kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na ruɓaɓɓiyar gwanda. Na kira ta, ke, ke, sai ta buɗe ido ta rufe. Na ɗauko sirinji na tsaya. Zuciyata ta ce ƙara mata. Wata zuciyar ta ce in kika wuce sai dai ki ga ta faɗi. Na mayar da shi gwangwani, na fita da gudu ba mayafi, na je bakin ruwa ina ƙwala wa maigida kira.

Wani mai jirgin inji ya sauke buhunan albasarsa ya ɗauke mu. Rana tana dukan ruwa tana dawowa ido. Kanta a cinyata, Kaka tana jiƙa tsumma tana goga mata a leɓe. A cikin jirgin nan na kama sunanta. Na yi ta kira, gaban babanta, gaban uwar mijina, gaban mai jirgi. Ba ta ji ba.

A asibiti aka sa mata ruwa a hannu biyu. Sai washegari da rana ta buɗe ido sosai. Likitan wani ɗan kudu ne, Hausarsa a karye amma ana ganewa. Ya kira ni ya ce nawa nake ba ta. Na kwance bakin zane na fiddo sirinjin, na nuna masa karcen da farce. Ya juya shi, ya kai kusa da ido.

"Wa ya yi wannan?"

Na ba shi labarin nas da jan farce da magagari. Har tsinken na nuna masa. Ina faɗa ina ɗan jin daɗi, don na ɗauka zai ce na yi ƙoƙari.

"Shekara nawa yanzu?"

"Biyar."

"Wannan na yarinya mai shekara takwas ne, Mama. Wadda ke kwance can ba ita ba ce."

Ya ce in yaro ya fara balaga, abin da ke sa shi tsawo da cika yana ture maganin, sai jiki ya ƙi jin sa yadda ya saba. Ga jikin ma ya ƙaru. Don haka abin da ya isa da, yanzu ba ya isa, wata sai an kusa ninka mata, in ta gama girma kuma a iya ragewa. Ya ce na safe yakan fi hawa, kuma wasu 'yan mata kafin al'adarsu yakan ƙara hawa. Na ce na lura da wannan. Ya ce to me ya sa ban kawo ta ba. Na ce na ɗauka ci take yi a ɓoye.

"Ko ba ta ci komai ba, hanta tana zuba suga a jini. In magani bai isa ba, jiki sai ya koma cin kansa. Shi ya sa ta rame. Kin rage mata abinci?"

Na naɗe tsinken a bakin zane, shi kuma ya sake tambaya.

"Ina katinta?"

Maigida ne ya tuna ya ɗauko shi da za mu fito. Na warware ledar. Ko ƙura babu a jikinsa, ko gefe bai lanƙwashe ba. Likitan ya ɗora yatsa a layin ƙarshe ya karanta, ya fassara mini. A dawo da ita bayan wata uku a sake duba yawan magani.

Shekara biyar takardar nan tana ƙasan akwatina. Malamin makarantar garinmu gidansa ana hangowa daga ƙofarmu. Da na miƙa masa sau ɗaya, da ko numfashi biyu bai yi ba ya gaya mini. Amma an ce in adana. Bayan mun dawo ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zama cikin mata ina haɗa baƙi da wasali, har na kai ga rubuta wannan. Ya zo a makare.

Kafin a sallame mu suka mayar da allurar sau biyu, safe da yamma, kuma ita suka koya wa, don ta san lamba. Aka ce duk wata uku a kawo ta, ita da kanta, ba kwalba ba. Da muka iso gida ta tattara tabarmarta da gwangwanin allura ta kai ɗakin Kaka. Ba wanda ya ce mata don me.

Na so in ba ta haƙuri. Uwa ba ta durƙusa wa ɗiyar fari, ban ma san da wace kalma ake farawa ba. Na gasa mata ƙatuwar tarwaɗa, irin wadda take so, na kai har ƙofar ɗakin. Na tsaya ina gyara murya.

"Wancan abin da ya faru a wurin banda..."

"Ba komai, Inna."

Ta karɓi kwanon da hannu biyu, da ladabi, ta shige ciki ta saki labule. Tun daga ranar ba ta sake cin abinci inda idona yake ba. Matan da suka ji na kira ta ɓarauniya na bi su ɗaya-ɗaya na gaya musu abin da likita ya ce. Suka ce Allah sarki. Amma na ji da kunnena, ranar wani biki, wata tana ce wa ɗiyarta ta kawar da faifan alkaki ga wance nan tafe.

Da magani ya isa sai jiki ya karɓa. Cikin wata huɗu kumatu suka fito, hannu ya cika, rigunanta suka matse ta. Na yi ta godiya ga Allah a raina. Amma cikar ba ta tsaya inda ta sa'o'inta ta tsaya ba. Yunwar shekara guda ce take ramawa, maganin kuma yana riƙe duk abin da ta ci. Kaka ta canza waƙa.

"Wa ya ajiye mini buhun albasa a kan tabarma? A zo a kai shi jirgi."

Da, da ta rama. Yanzu sai ta tashi ta fita. A bakin ruwa 'yan mata suna ce mata ta shiga jirgi a hankali kada ya kife. Na ga ta fara ɗaure zane tamau a ciki, tana yafa babban mayafi ko ana zafi. Likita ya gaya mini, a zuwanmu na biyu, cewa wasu 'yan mata in suka gane rage allura na sa su rame, sukan rage a ɓoye, kuma wannan hanya ce ta komawa gadon da ta tashi. Ya ce in sa ido.

Ido kuwa ina da shi. Kwalbar maganin har yanzu a ƙarƙashin randata take, don ɗakin Kaka ba sanyi. Kullum in na jiƙa rairayi sai na ɗaga ta wajen haske. Na san inda ruwan ya kamata ya kai ranar kowace kasuwa. Wannan watan bai kai ba. Kwalbar da ya kamata ta ƙare tun shekaranjiya, har yau da saura kusan yatsa guda. Kumatun kuma sun fara sauka, kuma na ga ta koma yawan zagayawa. Fitsarinta ita ke gwadawa yanzu, ta zubar kafin in gani.

Wataƙila ina kuskure. Na taɓa tabbata fiye da haka, kuma ga inda ya kai mu. Wataƙila likita ne ya rage mata, ai su biyu suke magana da lambobinsu. Zuwa na gaba sai bayan wata biyu. Na gaya wa maigida, ya ce, "Kin fara kuma?" Na gaya wa Kaka, ta ce in fita hanyar yarinya, abin da na yi ya isa.

Yau da safe na daure. Ta zo ta tono kwalbar, ta zauna a bakin ƙofar Kaka ta juya mini baya, ta ɗaga sirinji. Na matso da tsintsiya a hannu kamar shara nake. Na yi magana a hankali yadda ba wanda zai ji.

"Nawa kika ja?"

Ba ta juyo ba. Ta soka, ta tura, ta zare, ta danne wurin da auduga. Ta mayar da komai gwangwani ta rufe. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, ai da fushi ne da sauƙi.

"In na faɗa miki, Inna, za ki yarda?"

Na gyara riƙon tsintsiyar. Ta jira kaɗan, ta ɗauki tulu ta nufi bakin ruwa.